Wayar Ƙasa a Famfon Inna

Ran Talata

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin madatsar ruwan nan taku bai taɓa lafiyarka ba. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa a kan bokiti. Baba ma lafiya, sai ɗan tarin nan nasa na safe. Tunda har yau babu sabis a tsaunin da kuke, ga takarda ta hannun direban motar kayanku, don Allah ka ba shi amsa ya juyo da ita.

Kawu, mota ta zo! Baba ya rabu da akwalar nan da ya yi shekara ashirin yana haya da ita, ƙungiyar direbobi ta ba shi mai lantarki. Fara ce sol. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ranar da ya shigo da ita layinmu akuyar maƙwabta na kwance a tsakiyar hanya, ba ta ma san an zo ba sai da ya yi mata hon. Na zagaya motar nan ya fi sau goma. Na ɗaga murfin gaba ina neman inji, Baba yana ta dariya.

Matsalar ɗaya ce. Wurin caji yana can ƙarshen gari, kuma layi ne, Baba na ɓata rabin safiyarsa a can. Sun ba shi caja ta gida, ɗan akwati da ake kafawa a bango, amma sai an jawo mata wayarta daban daga allon wuta, sannan mai dubawa na kamfanin wuta ya zo ya sa hannu.

Na ce ni zan yi. Ka tuna Mai Filaya, mai gyaran wutar layinmu? Yana tsaye a wurin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Baba, "Wannan da ya gudu daga makaranta? Bar shi ya ci gaba da gyara maka tocila." Kawu, sai da kunnuwana suka yi zafi. Na ce masa, "Ni na bar makaranta na shiga littafi, kai littafin ka bari gaba ɗaya. Wane gida ka yi wa waya da ba a kashe fanka kafin a kunna dutsen guga?" Baba ya daka min tsawa, amma na ga gefen bakinsa na motsi.

Ga yadda muka yi da Baba, a gaban Inna. Mai dubawa zai zo ran Alhamis, nan da mako bakwai. In ya sa hannu a aikina, Baba zai sake ni in zo wurinka in koyi aikin sosai, in zauna jarrabawar sana'a. In bai sa ba, na karɓi makullin mota na zama direban rana, maganar lantarki kuma ta mutu. Ka san ni. Gara a ɗaure ni da igiya da in yini fasinja na ce min "a nan, a'a, gaba kaɗan."

Na karanta takardar cajar sau uku, da littattafai biyu da na tono wurin mai tsofaffin littattafai, ɗaya ko bango ba shi da shi. Cajar na jan wuta amfiya talatin da biyu, awa da awanni ba hutu. Daga allo zuwa rumfar mota taku ashirin da biyu ne. Na ce waya mai kaurin mili shida, da birekarta ita kaɗai, wato makunnin da ke yanke wuta in ta yi yawa. Daidai ne? Gidan nan kuwa babu wayar ƙasa ko ɗaya, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, waya biyu ce ko'ina, amma wannan na san yadda zan yi da shi.

Inna ta ce duk da kakanku ne kawai ɗaya, ita ce dai yayarka, don haka ka daina yini da shayi ba abinci.

Ɗanka,
Tartsatsi

*

Ran Lahadi

Ɗana Tartsatsi,

Takardarka ta same ni lafiya. A bakin inji na uku na karanta ta, abokan aiki na tambaya me nake wa dariya. Na ji daɗin labarin ƙafar Yaya. Nan ruwa ake ba ƙaƙƙautawa, ni kuma sai mura.

Lissafinka ya yi. Mili shida za ta ɗauka, amma in za ta bi bangon da rana ke duka, ka ƙara kauri, ka sa ta cikin bututu. Bireka mai arba'in. Ka haɗa da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, irin wadda takardar cajar ta ambata, ba kowace ba. Kafin ka taɓa allo ka kashe babban makunni, ka gwada da testa, ka sake gwadawa. Kowane noti ka ɗaure shi tam.

Layi ɗaya ne ya tsaya min a rai: "na san yadda zan yi da shi." Yaya za ka yi? Mota ƙarfe ce a kan tayoyin roba, mai taɓa ta kuma ƙafarsa na ƙasa. In wuta ta ɓalle a cikinta ba ta sami hanyar ƙasa ba, ta jikin mutum za ta bi. Ka zana min inda za ka kai wayar ƙasa kafin ka ɗaura komai. Sannan ka je wurin Mai Filaya ka ari ma'aunin wayar ƙasa, shi ke da shi a layinku. Wanda ya rubuta littafinka bai taɓa shiga gidanku ba, don haka sai an auna.

Ka ɗan sassauta harshen nan. Ka gaida Babanka, ka ce na yi masa murna.

Kawunka

*

Ran Asabar

Kawu,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Allah ya sawwaƙe murar.

Har da kai? Na buɗe takardarka da murna, na ƙare ta ina neman abin da zan yi jifa da shi. In je wurin Mai Filaya aro! Wato in tsaya a ƙofar shagonsa in ce, "Ranka ya daɗe, ɗan tocila ya zo roƙo." Kuma littafina bai san gidanmu ba. To na ji. Ku masu takardar shaida bakinku ɗaya ne, in mutum bai zauna a benci an buga masa ƙararrawa ba, abin da ya karanta ba karatu ba ne. Zanen da ka ce in aiko in zauna jira, mako biyu kafin amsa ta dawo, ina na ga wannan lokacin?

To bari ka ji: na gama!

Kwana huɗu na yi. Na kashe babban makunni, Inna na ta mita a kan firij. Na gwada da testa sau biyu, ka ga ba duk maganarka na zubar ba. Mili goma na sa saboda bangon rana, waya ce mai taurin kai, sai da tafin hannuna ya ɗaye kafin ta yarda ta shiga bututu. Amma da za ka ga layin! A miƙe sak, kamar an ja da rula. Ni kaina na kan fita in tsaya ina kallonsa.

Wayar ƙasa kuwa, littafin nan mara bango, shafi na tamanin da bakwai, ya ce bututun ruwa na ƙarfe da ya yi nisa a cikin ƙasa ya fi sanda, don duk tsawonsa yana taɓa ƙasa. To famfon tsakar gidanmu, inda Inna ke wanki, ai bututun ƙarfe ne, taku huɗu daga rumfar mota. Na kankare tsatsar har ya yi ƙyalli, na ɗaura masa wayar kore-da-rawaya, na ɗaure tam. Inna ta matso tana cewa, "Kai, famfon nan fa..." Na ce, "Inna, don Allah, wannan ba wanki ba ne." Ta ɗauki bahonta ta yi gaba.

Jiya da safe, Inna na gama wanki, muka gwada. Baba ya cusa kan cajar a jikin mota, ni na ɗaga bireka. Shiru. Sai ji muka yi ƙas, fitila ta kawo kore! Baba ya leƙa allon motar ya ce, "Kai! Tana sha!" Ya fita ba takalmi ya kirawo rabin layi. Mai Filaya ma ya shigo, hannu a baya, yana bin bututuna da ido yana neman aibu. Can ya ce, "Ina ka kai ƙasa?" Na nuna masa famfo. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Shafi na tamanin da bakwai. In ara maka, ko in karanta maka?" Wuri ya ɗauki dariya, ya juya ya fita.

Ka share min gefen ɗakinka, ina nan tafe.

Tartsatsi

*

Ran Litinin

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai zafin rana, nan ko ɗigon ruwa ba a yi ba.

Mako uku ke nan shiru. A tasha an ce ruwa ya cinye hanyarku, motar kaya ta maƙale a can. Ban sani ba ko hanya ce kawai, ko fushi ma kake da ni. In maganata ta yi kaushi, ka san bakina ya kan riga ni. Zan bar wannan a tasha, duk ranar da hanya ta buɗe.

Cajar nan ta fara min iskanci. Da safe kore, lafiya lau. Da rana in Baba ya dawo cin abinci yana so ya ɗan ƙara, sai ta kawo ja, ta ƙifta sau uku, ta ƙi. Takardarta ta ce ƙiftawa uku na nufin ba ta jin ƙasa. Ƙarya take yi! Na kwance wayar na sake kankarewa na sake ɗaurewa, tana nan daram. Masu ƙera ta ne suka cika mata tsoro.

Amma na gano maganinta. A shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa, akwai wani ɗan makunni a cikin akwatin da ke hana ta wannan bincike. Jibi Laraba zan buɗe in danna shi, ranar Alhamis mai dubawa ya tarar da kore ko da ƙarfe nawa ya zo.

Inna kuma ta ɓullo da sabon salo, wai famfo na ɗan cizonta in mota na caji. Har tsumma ta naɗa wa kansa. Na ce sabulu ne ya tsattsaga mata hannu.

Kwana uku ya rage, Kawu. Kwana uku!

Ɗanka,
Tartsatsi

*

Ran Juma'a, saura kwana shida mai dubawa ya zo

Tartsatsi,

Je ka kashe birekar cajar, sannan ka dawo ka ƙarasa karantawa. Gaisuwa ta biyo baya.

Takardarka ta ran Asabar, mai labarin famfo, sai jiya ta iso, hanya ta yanke. Wannan na ba wani abokin aikina ne da zai tsallaka da ƙafa, ban san ranar da za ta same ka ba.

Famfon nan ba ƙarfe ba ne a ƙasa. Shekarar da na zauna gidanku ina koyon aiki, kana ɗan shekara huɗu, Babanka yana tuƙin doguwar hanya, bututun ya ruɓe, tsakar gida ta zama fadama. Ni na tone shi tun daga ƙofa har gindin famfo, na sa na roba. Wanda ke tsaye kawai na bari, bai fi kamu ɗaya a cikin ƙasa ba. Littafinka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka karanta ba daidai ba. Amma abin da ka ɗaura wa waya guntun ƙarfe ne da ke zaune a kan roba.

In zatona daidai ne, cajar na aiki in gindin famfo ya jiƙe da ruwan wanki, tana ƙi in ya bushe. In ta ƙi, gaskiya take faɗa maka, kada ka yi mata dabara. Ka gane abin da ka yi: ka haɗa jikin motar da kan famfon da Yaya ke kamawa da jiƙaƙƙen hannu. Duk abin da ya zurara daga mota, can zai je ya jira ta.

Ka cire wayar daga famfo. Ka sami sandar jan ƙarfe wadda ta fi ka tsayi, ka buga ta nesa da bututu, ka auna. In awon bai sauko ba, ka ƙara ta biyu. Ban taɓa cewa ba ka iya ba. Da ban yarda da kai ba, da ban ɓata tawada a kan mili shida ba.

In kana shakka, tambayi Innarka. Da bahonta aka kwashe ƙasar.

Ka gaida su duka. Murar ta tafi.

Kawunka

*

Ran Lahadi

Kawu,

Ina gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba. Kowa lafiya, musamman Inna. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Abokin aikinka ya buga ƙofa ran Laraba da la'asar. Wallahi sukudireba na hannuna, murfin cajar a buɗe. Na karanta layin farko na ce me kuma ya faru, na karanta sauran a tsaye. Na ruga na kashe bireka, sannan na zauna a kan bulo.

Ba zan ɓoye maka ba. Mai dubawa ƙarfe tara zai zo, Inna kuma tana gama wanki takwas da rabi. Gindin famfo a jiƙe, fitila kore. Na yi wannan tunanin, Kawu, har na ce in ƙara masa bokiti biyu, in an sa hannu na gyara daga baya. Ina cikin haka idona ya sauka a kan tsumman nan da ta naɗa wa famfo. Tsohon zanenta ne ta yaga. Na tashi na ɗauko diga.

Na fasa simintin. Kamu ɗaya, kamar yadda ka ce, sai ga roba. Inna na tsaye a kaina, hannu a ƙugu. Ta ce, "Shuɗi ne ko? Ni na riƙe wa kawunka yana liƙawa. Ranar da kake ɗaurawa na zo in faɗa maka, ka ce ba wanki ba ne." Na sha baƙar magana a duniya na rama, ban da wannan. Na durƙusa a cikin ramin na ce ta yafe min. Ta ce, "Tashi, kana ɓata wando, ni zan wanke."

Baba ya dawo na faɗa masa komai da bakina, har da bokiti biyun. 

Daga nan na tafi shagon Mai Filaya. Na riga shi, na ce, "Ɗan tocila ya zo roƙo." Ya ce, "A shafi na nawa aka ce in ba ka?" Na haɗiye. Ka ji ni, na haɗiye! Ya bar ni tsaye har ya gama shan shayinsa, sannan ya rataya ma'aunin ya ce, "Mu je, ba na ba da aronsa, ku 'yan littafi kwa lalata min."

Da safe mai dubawa ya tarar da rami a tsakar gida, sanda ta ci karo da dutse rabinta a waje, ni kuma laka har gira. Ya rubuta ba a kammala ba, zai dawo bayan kwana tara. Yana fita Baba ya ciro makulli ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce, "A gaban Innarka muka yi magana." Na karɓa.

Kwana tara na yi ina tuƙin rana. Motar dai akwai daɗin tuƙi, ba zan yi mata ƙarya ba, fasinjan ne ba su canza ba. Da safe kuma bugun sanda. Ta farko awonta bai sauko ba, muka ƙara ta biyu. Baba ne ke riƙewa ina dukan guduma, duk bugu ɗaya sai ya ce, "Hannuna fa!" Mai Filaya na gefe yana gyara min tsayuwa kamar shi ya haife ni. Da muka haɗa biyun ya danna ma'auni, ya duba, ya sake dannawa, ya ce, "To. Wannan ƙasa ce."

Jiya mai dubawa ya dawo, da tsakar rana, gindin famfo a bushe ƙayau. Ya auna, ya danna na'urar yankewa ta yanke nan take, aka cusa wa mota, kore! Ya tambayi wa ya ja layin nan. Kafin in buɗe baki Mai Filaya ya ce, "Ɗan layinmu ne. Bakinsa ne dai ba a yi wa bireka ba." Aka sa hannu.

Ranar da muka yi da Baba dai ta riga ta wuce. Na wanke hannu na ɗauki makulli zan fita aiki. Ya ce, "Kawo nan." Ya sa a aljihu. Ya ce, "Shekara talatin ina kai mota wurin makanikai. Wanda ya taɓa biyo ni ya ce dawo, ban ɗaura daidai ba, mutum ɗaya ne. Har ya rasu ban kai wa wani ba. Motar kayan kawunka yaushe za ta tashi?"

Kawu, na yi tsalle har na buge kai da rumfa!

Wannan takardar za ta biyo motar gobe, ni sai ta gaba, don Inna ta ce ba inda za ni sai na mayar mata da simintin da na fasa, kuma ita za ta duba ta sa hannu. Ta cire tsumman daga famfo, ta wanke shi ta ninke ta sa min a jaka. Na ce na me, ta ce in goge littattafaina.

Ta kuma ce in tuna maka bahonta da ka fasa wajen kwasar ƙasa.

Ɗanka,
Tartsatsi